Kena da rigimar hawa na biyu: me ya sa sarewar Andis ke saɓa wa kanta?

A titunan Sagárnaga da Linares na birnin La Paz, a ƙasar Bolibiya, shagunan kayan kiɗa ne jere da juna, kuma da wuya ka leƙa ɗaya ba ka ga kena, wato sarewar tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, dami-dami ba. Baƙo ya zaɓi wadda ta yi masa kyau a ido, ya koma masauki, ya buɗe manhajar auna sauti a wayarsa. Ya toshe kafofin sarewar duka ya busa a hankali, allura ta tsaya cak a kan Sol, ɗaya daga muryoyin kiɗa na Do, Re, Mi, Fa, Sol, La, Si. Sai ya matse leɓe ya ƙara iska don ya haye zuwa Sol ta sama, allura ta ɗan goce. Ya riƙa ɗaga yatsu ɗaya bayan ɗaya ya nufi Re da Mi na sama, gocewar sai ƙaruwa take yi. A nan zargi ke farawa. Wani ya ce masassaƙi ne ya cuce shi, wani ya ce bakinsa ne bai nuna ba. Kowannensu yana iya samun ɗan rabo na gaskiya, amma tushen maganar yana cikin yadda iska ke kaɗawa a bututu, da kuma tarihin mutanen da aka fara yi wa wannan sarewa.

Kena ta mutanen tsaunukan Andis ce, wato Kechuwa da Aimara na Peru da Bolibiya, har zuwa Ekwado da arewacin Chile da na Ajantina. Bututu ne buɗaɗɗe sama da ƙasa, na gora ko na katako. A da can har da ƙashi ake yin ta, kuma an tono irinta a kaburburan gaɓar tekun Peru da suka girmi daular Inka nesa ba kusa ba. Ta zamani tana da kafofi 6 a gaba da 1 a baya ta babban yatsa. A bakinta na sama an yanke ɗan giɓi mai siffar U ko V, an fiƙe gefensa. Mai busa yakan jingina bakin bututun a ƙasan leɓensa, ya rufe mafi yawan ƙofar da naman haɓarsa, ya harba siririyar iska a kan kaifin giɓin. Ba ta da ɗan karan da ake sa wa algaita a baki, ba ta da toshi irin na usur da zai shata wa iska hanya. Bakin mutum shi ne ragowar ƙirarta, kuma wannan magana za ta yi ta dawo mana.

Sai mu fahimci abin da ake rigima a kansa. Idan magidanci da ƙaramar 'yarsa suka rera waƙa ɗaya tare, kunne yana jin layi ɗaya suke bi, alhali galibi muryar yarinyar tana can sama da tasa. Wannan tazara ita Turawa ke kira oktaf, mu kuma sai mu kira ta ninki, domin ainihin abin da ke faruwa ke nan: muryar sama tana kaɗa iska ninki biyu na ta ƙasa. Sol mafi kauri ta kena tana kaɗawa sau 392 a daƙiƙa ɗaya, ta samanta ya kamata ta yi sau 784, ba ragi ba ƙari. Wanda ya taɓa riƙe sarewar makiyaya ya san cewa da yatsu a wuri ɗaya, idan ka ƙara ƙarfin iska, sauti yakan yi tsalle ya koma siriri. Haka kena ke samun hawanta na biyu: yatsu ba su canja ba, iska ce ta canja. Masana sauti sun raba ninki ɗaya gida 1200, kowane gida suna kiransa sent, ma'aunin da Alexander Ellis na Ingila ya fito da shi a shekarun 1880. Sent 5 ba kowa ke jin sa ba. Sent 20 kuwa ko wanda bai san kiɗa ba zai yamutsa fuska. Sol ta sama da ta gaza da sent 20 tana kaɗawa wajen sau 775, to idan jita a gefe tana ba da 784, bambancin nan na 9 zai fito a kunne kamar rawar murya sau 9 a kowace daƙiƙa.

A littafin kimiyya na makaranta, bututu buɗaɗɗe ba ya kuskure: kaɗawarsa ta biyu ninkin ta farko ce cif. Amma a gwada lissafin a kan kena a gani. Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska ya kai digiri 20. Bututun da zai ba da 392 ya kamata ya kai wajen santimita 44. Ɗauko kenar Sol ka auna, za ka same ta wajen 37 ko 38. Ina sauran santimita 6 suka shiga? Suna waje da gorar. Iskar da ke kaɗawa ba ta tsayawa daidai inda bututu ya ƙare, takan ɗan leƙo waje. A ƙasa leƙen wajen rabin santimita ne kawai, kusan kashi 6 cikin 10 na rabin faɗin bututun. Ragowar duka yana sama, a 'yar tagar nan da ta saura tsakanin leɓe da giɓi. Ƙunci ne ke jawo haka: iskar da ke shiga da fita ta matsattsiyar ƙofa tana yin nauyi, sai bututun ya yi kamar ya fi tsawonsa na ainihi. Ma'ana, kusan kashi ɗaya cikin takwas na tsawon da kunne ke ji ba a hannun masassaƙi yake ba, a leɓen mai busa yake, kuma leɓe ba ya zama wuri ɗaya.

Nan ne lissafin ya fi ba ni sha'awa. Don a haye zuwa hawa na biyu, mai busa yakan turo leɓensa gaba ya rage tazarar da ke tsakaninsa da kaifin giɓi. Yin haka yana ƙara rufe tagar, tagar da ta ƙuntata kuma tana ƙara wa bututu tsawo, sauti ya sauka. A ce turowar ta ƙara milimita 4 kacal. A kan Sol, inda kafofi duka suke toshe kuma tsawon da ke aiki ya kai santimita 44, milimita 4 za ta sauke sauti da kusan sent 16. A kan Fa mai ɗagawa, wato murya ta ƙarshe kafin Sol ta zagayo, inda kusan duk kafofi suke buɗe kuma tsawon da ke aiki bai wuce santimita 23 ba, milimita 4 ɗin nan dai za ta ci kusan sent 30. Motsi ɗaya ne na leɓe, amma ɓarnarsa ta kusa ninkawa. Shi ya sa baƙonmu na La Paz ya ga allura tana ƙara gocewa yana hawa. A ɗaya gefen kuma, ƙarfin iska yana ɗaga sauti. Sabon ɗan koyo da bai iya matse leɓe ba, wanda ke haye hawa na biyu da ƙarfin huhu kawai, shi nasa ninkin zarcewa yake yi. Mutum biyu za su karɓi kena ɗaya, ɗaya ya rantse hawanta na biyu ya gaza, ɗaya ya rantse ya wuce gona da iri, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Kada a ɗora wa leɓe laifin duka. Kafofin yatsu suna da nasu babban kaso. Mutum zai ɗauka cewa da zarar an buɗe kafa, bututu ya yanke a wurin. Da haka ne da kafar ta kai faɗin bututun, amma ba ta kai ba. Wani ɓangare na kaɗawar yana fita ta kafar, wani yana zarcewa ƙasa cikin ragowar gorar. Abin lura shi ne, siririn sauti ya fi kaurin sauti iya tsallake buɗaɗɗiyar kafa. Saboda haka a hawa na biyu iska tana gangarawa nesa fiye da yadda ta yi a hawa na farko, bututun ya ƙara tsawo a idonta, muryar sama ta kasa cika ninki. Ƙaramar kafa ta fi jawo haka. Gora mai kaurin bango ma haka, domin kafar da aka huda a bango mai kauri ɗan bututu ce ita ma, da nata nauyin iskar.

Daga nan za a gane zaɓin da ke gaban masassaƙi. Murya ɗaya a hawa na farko, a ce Re, zai iya samun ta ta hanya biyu: ƙaramar kafa can sama kusa da baki, ko babbar kafa a ɗan ƙasa. A hawa na farko ma'auni ba zai bambance su ba. A hawa na biyu kuwa ƙaramar za ta gaza, babbar za ta fi kusa da daidai. Wannan ne dalilin da ya sa kenar ƙwararru ta yau take da manyan kafofi, wasu sun kai santimita ɗaya ko sun ɗara, masu girma daban-daban da tazara daban-daban, har mai siraran yatsu yakan sha wuya kafin ya iya toshe su. Masassaƙin da ya san aikinsa yakan fara da ƙaramar huda, ya busa hawa biyun, ya ƙara faɗi kaɗan, ya sake busawa, wani lokaci ya rarake gefen kafar ta ciki ba tare da ya taɓa fuskarta ta waje ba. Aiki ne na haƙuri, kuma hanya ɗaya yake tafiya, domin gorar da wuƙa ta cire ba ta dawowa, iyaka a lallaɓa gefen da kakin zuma.

Sai cikin bututun kansa, wanda a ganina shi ne mafi wuyar sha'ani. Tun ƙarni na 19 Lord Rayleigh, masanin kimiyya na Ingila, ya bayyana ƙa'idar: idan ka matse bututu a inda iska ke taruwa ta takura, sauti zai hau. Idan ka matse shi a inda iska ke kai da komowa da sauri, sauti zai sauka. To a kaɗawa ta farko, tsakiyar bututu ita ce wurin takura. A kaɗawa ta biyu kuwa tsakiyar nan ta zama wurin gudu. Don haka gorar da ta ɗan tsuke a tsakiya za ta ɗaga muryar ƙasa ta sauke ta sama, ninki ya ƙuntata ta fuska biyu. Wadda ta ɗan yi tumbi a tsakiya za ta yi akasin haka, ninki ya buɗe. Gora kuwa tsiro ce, ba daga inji ta fito ba. Tana da faɗi a gindi, tana sirancewa a sama, tana kumbura kusa da gaɓa, wani lokaci cikinta ma ba zagayayye ba ne. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, tsakiyar ba ta zama wuri ɗaya. Kowace kafa ka buɗe, tsawon da ke aiki ya ragu, tsakiya ta matso sama. Kumburin da ya gyara ninkin Sol shi ne zai iya ɓata na Do. Masassaƙi biyu za su bi awo ɗaya a kan gora biyu daga daji ɗaya, ɗaya ta fito sarauniya, ɗaya ta fito sai dai a rataye ta a bango don ado.

Ba kena kaɗai ta gamu da wannan ba. Theobald Boehm na Munich, a sarewarsa ta 1847 wadda ita ce uwar sarewar ƙarfe ta makaɗan Turai a yau, ya miƙe jikin bututun sambal amma ya tsuke ɓangaren kai a hankali zuwa wajen baki, don hawa-hawan su dace da juna. Masu yin shakuhachi a Japan, wadda ita ma ta baki ake busa ta a kan kaifi, sukan shafe cikin gorar da wani kwaɓi, su ƙara a nan su kankare a can har ninki ya zauna. Masu yin kena da katako a kan injin juyi suna iya sassaƙa ciki yadda suke so, mai faɗi a sama yana tsukewa ƙasa. Masu aiki da gora kuma suna da tsohuwar dabara: su yanke ta yadda gaɓa za ta faɗo a ƙarshen ƙasa, su huda gaɓar da ƙofar da ba ta kai faɗin bututun ba. Wannan ƙuncin yana sauke muryar ƙasa fiye da yadda yake sauke ta sama, sai ninkin muryoyin gindi ya ɗan buɗe. Tasirinsa yana raguwa yayin da ake buɗe kafofi ana hawa, don haka ba maganin komai ba ne.

Akwai masu ɗora wa tsawon dutse laifi, su ce kenar da aka yi a La Paz, mita 3,600 sama da teku, dole ta canja idan ta sauko Lima da ke bakin teku. Gudun sauti bai damu da tsawon dutse ba, da zafi da sanyi ya damu. Kowane digiri ɗaya yana motsa sauti da kusan sent 3, shi ya sa sarewa mai sanyi takan fara a ƙasa har sai numfashi ya ɗumama ta. Amma wannan yana ɗaga hawa biyun ko ya sauke su tare, ba ya raba su. Wanda zai gwada kena ya fara busa ta na 'yan mintoci tukuna, sannan ya kawar da idonsa daga waya, domin ido na ganin allura leɓe zai bi ta ba tare da mutum ya sani ba. A yawancin kenar zamani ana samun Sol ta tsakiya ta hanya biyu, da kafofi a buɗe a hawa na farko, ko da kafofi a toshe a hawa na biyu. Idan biyun suka yi hannun riga komai ka yi da leɓenka, to matsalar a jikin gorar take.

Duk wannan bayani ya ginu a kan zato ɗaya: cewa ninki cif shi ne abin da ake nema. A nan nake so mai karatu ya ɗan dakata, domin a ƙauyukan da ke kewaye da tafkin Titikaka da tuddan Bolibiya ba haka kunne ya taso ba. Sarewu masu giɓi na can, irin su kena-kena da chokela da lichiwayu da pusipiya, wadda sunanta a Aimara ke nufin kafa huɗu, ba don mutum ɗaya ya tsaya gaban jama'a ya nuna gwaninta aka yi su ba. Gari guda ke sayen su a dunƙule, abin da suke kira tropa, manya da matsakaita da ƙanana, daga hannun masassaƙi ɗaya, a busa su tare da ganguna a filin biki. Ƙauyen Walata Grande da ke kusa da Achacachi ya yi suna a wannan sana'a. Masassaƙin, wanda suke kira luriri, da sandar awo yake aiki, kuma a tsohuwar ƙira kafofin sukan zo kusan girma ɗaya da tazara ɗaya. Abin da ake bukata shi ne sarewun tropa ɗaya su dace da junansu, kuma a bambance amon wannan gari da na maƙwabtansa.

Har dacewar ma ba irin ta fiyano ba ce. Thomas Turino, mai nazarin kiɗa, wanda ya zauna da Aimarawan Conima a jihar Puno ta Peru a shekarun 1980, ya lura cewa suna son muryoyi su ɗan saɓa wa juna kaɗan, don amon taro ya yi kauri ya cika fili. Henry Stobart, shi ma mai nazarin kiɗa, a arewacin Potosí ta Bolibiya, ya tarar da kalmomi biyu da manoma ke auna sautin sarewarsu ta pinkillu da su: tara, wato amo mai gurnani da rawa kamar murya biyu a haɗe, wanda shi ake yabo, da q'iwa, siririn sauti wankakke, kalmar da kuma ake jifan matsoraci ko marowaci da ita. Arnaud Gérard, masanin kimiyyar sauti a Potosí, ya auna sarewun tarka ya nuna cewa rawar muryar nan da gangan ake gina ta. Pinkillu da tarka ba masu giɓi ba ne, amma kunnen da ke sauraron su shi ne dai ke sauraron kena-kena. Rawar da mai jita ke ji a matsayin kuskure, a can alama ce ta cewa kiɗa yana da rai.

To yaushe ninki cif ya zama doka? Kena ta daɗe tana zama da kayan tsirkiyar da Sifaniyawa suka kawo, gogen Turawa da babbar arpa mai tsirkiyoyi da yawa, a garuruwa irin su Kusko da Ayakucho, kuma mabusa suna lanƙwasa muryoyi da leɓe da rabin yatsa su dace. Babban sauyin ya zo ne da dandamali da faifai. An kafa ƙungiyar Los Incas a birnin Paris a 1956. A La Paz, Los Jairas sun yi tashe a gidan kiɗa na Peña Naira daga 1966, da kena a hannun Gilbert Favre ɗan Suwizalan da charango, wato 'yar ƙaramar jitar Andis, a hannun Ernesto Cavour, suka kafa tsarin nan na kena da charango da jita da ganga wanda duniya ta ɗauka shi ne kiɗan Andis. A 1970 mawaƙan Amurka Simon da Garfunkel suka ɗora muryarsu a kan kiɗan Los Incas na El Cóndor Pasa, wanda Daniel Alomía Robles ya tsara tun 1913, sai amon kena ya shiga rediyon kowace ƙasa. Daga nan aka bukaci sarewa ɗaya tilo ta yi hawa biyu har uku, ta dace da jita, ta zauna a kan La mai kaɗawa 440, ma'aunin da aka amince da shi a taron Landan na 1939. Masassaƙa suka amsa kiran, suka faɗaɗa kafofi, suka gusar da su, suka koma katako. Sun yi aiki mai kyau ƙwarai, kuma ban ga abin zargi a cikinsa ba. Mai busa a ɗakin ɗaukar sauti yana da haƙƙin samun kayan aikin da ba zai yi kokawa da shi a kowace murya ba.

Abin da ke damuna shi ne a ɗauki ma'aunin wannan sabuwar kena a yanke wa tsohuwar hukunci da shi. Mutum ya samu chokela ko tsohuwar kenar ƙauye mai kafofi daidai wa daida, ya ɗora ta a kan manhaja, ya ga ja, ya ɗauko wuƙa da zarto ya shiga faɗaɗa kafofi. A ƙarshe ba ta zama kenar dandamali ba, domin cikinta da giɓinta ba don haka aka yi su ba, kuma ba za ta sake shiga cikin 'yan'uwanta na tropa ba. Awon da wani luriri ya gada daga ubansa ya tafi ke nan. Irin wannan sarewa a bar ta yadda take, a nemi jin yadda ake busa ta a garinsu, a koyi waƙoƙin da aka yi ta dominsu. Wanda kuma jita zai raka, ya nemi kenar da aka sassaƙa don jita. Masu yin ta suna nan da yawa a La Paz da Lima da Kusko, kuma ya roƙi a bar shi ya ɗumama ta, ya busa hawa biyun da nasa leɓen a gaban mai ita, kafin ya miƙa kuɗi.